Lantanar Lambu

Sabo, Badun
Mayu, 1957

Zuwa ga taubashina Aƙilu, Ƙofar Rini, Sakkwato.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun yi sallah lafiya. Ni nan ƙalau nake, sai ɗan zazzaɓin Kurmi da ke taɓa ni jefi-jefi, shi ma ya saba da ni na saba da shi. Kasuwar shanu ba yabo ba fallasa. Ka durƙusa ka gaishe mini da Inno, ka ce mata ɗanta yana nan yana fama da doya yana kewar furar gida. Ka gaida mai ɗakina Lantana, ka ce ta ƙara haƙuri, shekara ɗaya ta rage in tattara in dawo.

Bayan haka, akwai wani gwangwani da na cusa cikin huhun goron nan. Kada ka ga baƙaƙen 'ya'ya ka jefa a baki, na san halinka. Irin wani fure ne. A nan duk gidajen Turawa da na manyan akawuna da shi ake shinge. Yana da ƙananan ƙayoyi, akuya ba ta ratsa shi, kuma rani da damina fure yake yi, ja da rawaya a kai ɗaya. Na tambayi wanda ya tsinko mini sunansa, ya faɗa da Yarabanci, ban riƙe ba.

Ka shuka shi kewaye da lambuna na fadama, ka huta da shingen karan da kake sabuntawa duk shekara kana yi mini mita. So nake ranar da na dawo, duk wanda ya gangaro fadama ya tsaya ya tambayi lambun wane ne wannan. Tambari maƙwabcina ma, da yake yi mini kuri da albasarsa, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ka san tsakanina da shi tun lokacin da muka yi takarar neman Lantana, na samu ya rasa, har yau bai gama hucewa ba.

Ka kula mini da shanun da na bari, musamman ɗan maraƙin nan gudale.

Naka,
Mode

Ƙofar Rini, Sakkwato
Nuwamba, 1959
Ta hannun Illo mai kora shanu

Zuwa ga Mode, sarkin alkawari.

Ina gaishe ka, ina gaida doya. Mu nan lafiya, an yi kaka mai albarka. Inno tana nan da ƙarfinta, sai dai idanunta sun ƙara dushewa, yanzu da murya take gane mutum. Mai ɗakinka ce idonta, ita ce sandarta, Allah ya saka mata. Shekara ɗayan nan taka da ta rage ta haifi wata, ta kuma ɗauki ciki.

Maganar furenka ce ta sa na ɗauki alƙalami. Shekarar farko na yaba maka, ba zan ɓoye ba. Ya tashi ya rufe, akuya ko ɗaya ba ta shiga ba, mutane suna zuwa kallo kamar yadda ka so. Amma abin nan ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Tsuntsaye suna cin 'ya'yan, duk inda suka yi kashi sai ka ga ya tsiro, a bakin rijiya, a gindin lemo, a tsakiyar fangalin albasa. Reshensa in ya kwanta a ƙasa mai laima sai ya yi saiwa. Na sare bana, ya dawo ninki biyu. Da na ba Inno labari, sai ta ce, "Wagga aba ba ta da kunya. Baƙon kirki inda anka aje shi nan shika zamnawa. Ni tun hwarko ban so anka kawo ta ba."

Ga abin dariyar kuma. Wani malamin gona ya biyo ta fadama, na nuna masa. Ya murza ganyen ya sansana, ya yamutsa fuska, ya ce a littafinsu sunan abin lantana. Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Mode, na yi dariya har na kusa faɗawa ramin jigon ban ruwa. Duk furannin da ke Kurmi ka rasa wanda za ka aiko sai mai sunan matarka. Da aka faɗa mata ita ma ta yi dariya, ta ce a gaya maka ka aiko mata da takwara, kai ka ƙi aiko da kanka. Tun ranar muka mai da abin mace. Duk fadama yanzu Lantanar Mode ake ce mata.

Amma malamin bai yi dariya ba. Ya ce in dabba ta ci ganyen da yawa yana iya kashe ta, kuma da rani, in ciyawa ta ƙare, shi kaɗai ne kore a gabanta. Ya ce maganinta a sare, a tone saiwa, a sa wuta. To, ta riga ta nannaɗe lemunanka, wutar ba za ta bar su ba. Shi ya sa ban taɓa ba sai na ji daga bakinka. Ka amsa da wuri.

Illo zai taso da shanu jibi, na ga ba sai na je gidan waya ba.

Taubashinka,
Aƙilu

Ƙofar Rini, Sakkwato
Maris, 1960

Mode,

Da fatan kana shan ruwa lafiya. Inno da sauran mutanen gida suna nan ƙalau. Ni ne ba ƙalau ba. Da ɓacin rai nake wannan rubutu, ga azumi a baki, ga rana. Na jira amsarka har na gaji, shi ya sa wannan karon na bi ta gidan waya.

Lantanarka ta fi ƙarfina. Ta cinye rabin lambun, abin da za ka tarar ba zai yi maka daɗi ba. Hakan bai ishe ta ba, ta tsallaka wurin Tambari ta yi zamanta. Shi da farko kyanta ya ruɗe shi, har murna yake yi. Yanzu duk fadama maganarta ake yi, ni nake kwasar kunya. Jiya kuma gudalenka da muke kiwo don Layya ya tafi, kuma ita ce sanadi, malamin dabbobi ya tabbatar.

Inno ta ce in tuna maka, ita tun farko ba ta so ka kawo ta ba. Kyan ɗan maciji gare ta. Ni dai na gaji da ba mutane haƙuri a kanta. Ka aiko da izini in raba ka da ita kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba ka zo da kanka ka ji da abarka.

Aƙilu

Sabo, Badun
Afrilu, 1960

Aƙilu,

Na gode da gaisuwa. Jikina lafiya. Takardarka ta iso, na karanta har na haddace. Ka ce ka jira amsa, ni ban ga wata takarda kafin wannan ba, amma wannan ɗin ma ta ishe ni.

Ina nan ina bin bayan shanu cikin ruwa da taɓo don in rufa wa gida asiri, ashe gidan ya daɗe a buɗe. Lambu da sa ba su dame ni ba, dukiya ce. Amma a rasa wanda za a je wurinsa duk faɗin Sakkwato sai Tambari? Abin da ya fi ƙona mini rai maganar Inno. Ashe shekara tara tana haɗiye abu a cikinta don kada ta ɓata mini.

Ba sai ka raba ni da ita ba. Ni na ɗaura, ni zan kwance. Na rubuta wa mahaifinta Malam Siddiƙu a Ƙofar Taramniya, na sake ta saki ɗaya. Na kuma faɗa masa dalili ɓaro-ɓaro, har da sunan Tambari, don kada gobe a ce na zalunci 'yar malamai. Takardarsa ta riga taka tafiya.

Na san ka, yanzu za ka fara sassautowa kana kawo mini wa'azi. Ka riƙe abinka. Duk takardar da na ga rubutunka a bayanta ba zan buɗe ba. Gobe zan bi shanu zuwa Ikko, ko iskar teku za ta rage mini wani abu.

Mode

Ƙofar Rini, Sakkwato
Afrilu, 1960

Mode, don girman Allah ka buɗe wannan.

Ba ni da gaisuwar da zan yi maka, don babu mai lafiya a gidan nan. Inno ba ta cin abinci.

Fure nake nufi. Furen da ka aiko cikin gwangwani, shi ne lantana, haka malamin gona ya ce sunansa, kuma na rubuta maka duk wannan tun da kaka ta hannun Illo. Shi ya cinye lambun. Shi ya tsallaka shinge ya cika fangalin Tambari. Ganyensa gudale ya ci da ciyawa ta ƙare, idanunsa suka yi rawaya kamar mai shawara, fatar hancinsa ta ɗaye, ya daina kashi. Mun yanka shi kafin ya zama mushe, naman ya fito rawaya, ko mahautan da ke jin kunyarmu ba su karɓa ba.

Kai ko tunani ba ka yi ba? Yaushe ka taɓa ganin na kama sunan matarka gatsau a takarda? Mai ɗakinka nake cewa, tun ranar da aka kawo ta. Kuma matar da ke kulle, wadda ba ta taɓa taka fadama ba, ta yaya za ta cinye lambu ta kashe sa?

Ga abin da takardarka ta yi. Malam Siddiƙu ba ya karanta boko. Ta same shi a zaure bayan la'asar, cikin dattawan unguwa, sai ya miƙa wa wani akawu maƙwabcinsa ya karanta masa. Mutumin ya kai tsakiya ya tsaya yana ta kame-kame, Malam ya ce ya ƙarasa. Ya ƙarasa, har da sunan Tambari. Kafin magariba babu gidan da labarin bai shiga ba daga Ƙofar Taramniya har Ƙofar Rini.

Da ɗan aiken Malam ya zo gidanka, mai ɗakinka tana dama wa Inno fura. Ta saurara har ƙarshe. Abin da ta ce kawai, "Mi niy yi mai?" Ta ƙarasa damun, ta sa wa Inno ludayi a hannu, sannan ta ɗauki mayafinta. Inno kuwa, tun da ta gane abin da ya faru daga baya, tana ta laluben ƙofa tana cewa, "Ni hakin lambu nic ce, ban ce ɗiyata ba."

Ni ban san abin da ya jawo ba sai da takardarka ta iso. Na yanko reshen abin na ruga wurin Malam, na yi bayani har muryata ta dushe. Ya dubi reshen, ya dube ni, ya ce, "To, wagga anka saki ko ɗiyata?" Tambari kuwa ya rantse sai ya kai ka gaban alƙali, da kyar dattawa suka danne shi. Ya daina amsa sallamata.

Na tambayi malamai. Sun ce saki ya saku, kuskure bai hana shi ba. Amma ɗaya ne, kana da ikon mai da ita muddin idda ba ta cika ba. Layi ɗaya ake bukata daga hannunka, ka ce ka mai da matarka. Sauran gyaran mu yi shi a hankali.

Ban jira izininka ba, na sa wa tsinanniyar wuta. Lemunanka sun tafi tare da ita.

Aƙilu

Sabo, Badun
Agusta, 1960

Ɗan'uwana Aƙilu,

Ina gaisuwa, in akwai sauran mai amsa gaisuwata. Yaya jikin Inno?

Illo ya iso shekaranjiya. Ciwo ya kwantar da shi a Ilori, da ya tashi kuma ya bi wasu kasuwannin, takardarka tana ƙasan jakarsa duk ta yi laushi. Ya miƙo mini yana dariya yana cewa tsohon labari ne. Saboda shi ya kawo da hannunsa na buɗe. Ina karanta inda ka ce ka kusa faɗawa ramin jigo, sai na koma na sake karantawa tun daga farko. Sannan na buɗe adaka na fito da sauran takardunka. Tun kafin Layya na dawo daga Ikko na tarar da su, na jefa su ciki kamar yadda na ce zan yi. Na lissafa, a lokacin da sauran idda.

Amma kai ma, Aƙilu. Maganar da ta kai a sa wuta a lambu, ita za ka ba mai tafiya da ƙafa, gidan waya yana nan kusa da kai? Kuma da ka zo rubuta ta biyun, kalmar fure guda ɗaya ta gagare ka? Wasan taubasai ya fi maka komai. Ka ce Lantanarka. Ni Lantana ɗaya na sani a duniya. Mutumin da ya shekara shida bai ga gidansa ba, kullum yana jin yadda gidajen wasu suka watse a bayansu, me kake so ya ɗauka?

Ba faɗa na zo yi ba. Tsalle ɗaya na yi na faɗa rijiya, ka taimaka ka miƙo mini igiya. Ka ɗauki dattawa biyu ku je wurin Malam Siddiƙu. A ɗaura sabon aure, duk abin da ya yanka na ɗauka. Zan zo da kaina in tsaya a zauren da aka karanta takardar, in ce ƙarya na yi. Zan je har gidan Tambari. Ka ce mata na bar Kurmi ke nan, wannan karon ba shekara ɗaya ba, ina sallamar shanun da ke hannuna zan hau jirgi.

Ka karanta mata wannan da bakinka, kada ka ba kowa.

Mode

Ƙofar Taramniya, Sakkwato
Oktoba, 1960

Zuwa ga Malam Mode.

Aminci ya tabbata a gare ka. Ina fatan zazzaɓin ya sake ka. Ni lafiya lau nake a gidan mahaifina. Inno ta samu sauƙi, ta koma cin abinci. Kullum furarta tana zuwa daga nan, don ita ba ta sake ni ba, ni ma ban sake ta ba.

Da ajami na rubuta, da hannuna, don kada ka nemi mai karanta maka. Na san ɗacin a karanta wa mutum takardarsa a gaban jama'a.

Aƙilu ya zo da dattawa, ya karanta mini saƙonka daga bayan labule, har yana kuka. Mahaifina ya ce magana tana hannuna. Na daɗe ban amsa ba, ba don jan rai ba, sai don ina so in tabbata ba fushi ne zai yi magana a madadina ba.

Na yafe wa Aƙilu, bakinsa ne ya riga hankalinsa, haka yake tun da na san shi. Illo ba shi da laifi, ciwo ba ya shawara da kowa. Kai ma na yafe maka don Allah. Amma yafiya daban, komawa daban.

Ka ce Lantana ɗaya ka sani a duniya. Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Shekara tara ina gidanka, shida daga ciki ina jiran shekara ɗayan da ta rage. Aka ce maka wannan Lantanar ta cinye lambu, ta kashe sa, ta tare a wurin namiji, ko ɗaya bai yi maka kama da ƙarya ba. Ba ka tambayi yadda aka yi ba. Ba ka aiko a ji ta bakina ba. Ko sa za ka saya, sai ka buɗe bakinsa ka duba haƙori kafin ka yanke magana. Ka ce za ka tsaya a zaure ka wanke ni. Ka zo ka yi, haƙƙina ne, haƙƙin Tambari ne kuma. Amma ka sani waɗanda suka ji na farko ba duka za su ji na biyu ba. Har yanzu in na shiga gidan suna, sai hira ta tsaya.

Satin da ya wuce gari ya cika da kiɗa, an ce mun samu mulkin kai. Da hankalin kowa ya tafi can, na roƙi gwaggona ta raka ni fadama. Ban taɓa zuwa ba. Na ce bari in ga takwarar nan tawa da na ɗauki laifinta. Na gan ta. Duk kututturen da Aƙilu ya ƙona ya yi toho da damina. Ta hau kan gawar lemunanka, ta rufe bakin rijiya, ta wuce lambun Tambari ta shiga na gaba. Tana da kyau, ba ƙarya ka yi ba. Na murza ganyen, warinsa bai bar hannuna ba har na dawo gida. Aƙilu ya ce a gidajen Turawa ka gan ta. Su ga shi an ce suna haɗa kaya, ita kuwa ban ga alamar tana da niyyar tafiya ba.

Ni layi ɗaya ya fitar da ni daga gidanka. Ita an sa mata adda, an sa mata wuta, tana nan. Kada ka ƙara turo dattawa, suna da abin yi. Ka hau jirginka ka zo ka ga mahaifiyarka tun tana gane murya. In ka gangara fadama za ka tarar da Lantana tana jiranka, wadda ka zaɓo da hannunka.

Wassalam.
Lantana 'yar Malam Siddiƙu